Ruwan da Bai Kwana Ba

Tunda na ga ka ɗaura ɗamarar juye komai a rana ɗaya don baƙi su zo su yaba, zauna in ba ka misalin wani mai ɗaukar hoto a Zariya. Shekara talatin yana yawon biki da suna da kyamara a wuya. Da gwiwa ta fara yi masa gardama sai ya koma gida, ya sayi akwatin gilashi, ya zuba tsakuwa da ciyawar ruwa, ya shiga kiwon kifin ado. A cikinsu akwai wasu biyu, mace da namiji, masu faɗi kamar tafin hannu, da ratsin baƙi a jikin fari. Tun suna kamar farcen yatsa ya same su, ya raine su har suka san takunsa, in ya shigo ɗaki sai su taso bakin gilashi. Yana son su, kuma ba ya ɓoyewa. Wanda ya sayar masa da su ya faɗa masa ƙa'ida tun ranar farko: kada ya canza ruwan gaba ɗaya, kashi ɗaya cikin huɗu ya isa a mako, ruwan famfo sai ya kwana a bokiti a buɗe, maganin da ake zuba masa ya fice, soson da ke tace ruwan kuwa kada ya ga sabulu, don dattin da ke cikinsa shi ke riƙe da lafiyar kifin. Ya kiyaye, shekara huɗu ko ɗaya bai mutu ba.

Sai dai idonsa idon mai hoto ne. Ruwan da ya daɗe yakan ɗan yi ja-ja kamar shayin da bai dahu ba, gefen gilashi ya kama gansakuka, kyamara kuwa ba ta rufa wa kowa asiri. Rannan ya tura hoto zauren masu kiwon kifi na waya, wani ya rubuta a ƙasa, "Malam, a wane kududdufi ka ɗauka?" Aka yi ta dariya. Abin ya ci masa rai, mutumin da amare ke bin layi a gaban kyamararsa. Washegari da hantsi ya kwashe kifayen ya zuba a roba, ya juye ruwan kaf, ya wanke tsakuwa da soson da sabulu, ya goge gilashi har yana ƙara. Matarsa ta leƙo ta ce, "Malam, ruwan nan fa bai kwana ba." Ya ce, "Hasken taga zai wuce. Na yau ɗaya ba komai." Ya cika daga famfo, ya mayar da su, ya ɗauki hoto ya kai hamsin. Gaskiya hoton ya yi kyau, ka ce kifayen a iska suke shawagi. Ya tura, yabo ya yi ta shigowa, har daga wanda ya yi masa ba'a. Yana zaune yana amsa godiya ɗaya bayan ɗaya, bai ɗaga kai ba sai la'asar. Lokacin duk kifayen sun taru a saman ruwa, baki buɗe, suna haki. Ya ruga maƙwabta neman ruwan randa, kafin ya dawo da bokiti biyu macen ta kwanta a gefe. Namijin ya kai washegari da azahar, shi ma ya bi ta. Dattijo da furfurarsa ya zauna gaban akwatin yana kuka, waya na ta ƙara a aljihu, mutane na tambayarsa sirrin ruwa mai haske haka.

Ba rashin sani ya kashe kifin nan ba, ya san ƙa'ida sarai. Ba'ar mutum ɗaya ce ya kasa haɗiyewa, ya kasa jiran kwana ɗaya. Irinsa Hausawa ke nufi da suka ce garin neman gira an rasa ido.