Iyakar da Ta Je Gani

Da mai sakiya ya kwance mata ƙyallen ido, ba ta nemi madubi ba. Ta ce wa mijinta, "Malam, kai ni in ga iyakar nan."

Shekara bakwai tana fama da yanar ido. A cikinsu Nasara suka raba ƙasa: Illela, garinsu, ta Ingilishi, Ƙonni, inda ɗiyarta ke aure, ta Faransi. Ita kuwa a ranta ta ɗauka ganuwa aka gina tsakani, ta daina zancen zuwa.

Suka tsaya bakin wata gonar gero.

Malam ya nuna ya ce, "Ga ta nan."

"Mi? Wanga guntun ƙarfen?"

Wani ma ya ɗaure akuyarsa a jiki.

Ta yi dariya har da hawaye, ta miƙa masa sandarta. "Biyo ni, Malam. Yau Ƙonni za mu kwana."