Amsar Da Babu A Wayar

Karo na uku ke nan wayar ta faɗi ƙasa, kuma da gangan ya ture ta da hannun da ke motsi.

"Haba Baban yara, danna mini ko guda," in ji matarsa. "Kunu? Ruwa? Me na yi maka?"

Ya juya fuska bango. Kwana huɗu rabonsa da abinci.

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana, wayar nan ce bakinsa: ya taɓa hoto, ita ta faɗa. Matar ce ta zaɓi kalmomin. Duk Lahadi 'yan coci kan cika ɗakinsu na unguwar Muchia da "Ya jiki?" Sai ya danna, wayar ta amsa, "Da sauƙi, mun gode Allah."

Matar ta ɗauki shatar Keke Napep, ta kai shi Samaru wurin malamar da ta haɗa musu wayar. Malamar ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya.

"Mama, ranar da abin ya ishe shi fa, wanne zai danna?"

"Yo 'yar nan, wa ke amsa gaisuwar jiki da ƙorafi?"

Malamar ta ƙara hoto guda, ta miƙa masa. Ya daɗe yana kallo kafin yatsansa ya sauka.

"Babu sauƙi."

Ya sake dannawa, ya sake, hawaye na ɗiga kan gilashin wayar. Matar ta durƙusa ta dafa gwiwarsa.

"Faɗi, ina jin ka."

Cikin wata bakwai, yau ne mijinta ya fara yi mata magana.