Sunan da Ya Gagari Gwaggo Talatu

Jar fitila ta kama a ɗakin rediyo, Hambali ya gyara tsayuwa gaban makirfo. Darakta ya riga ya gaya masa, in wasan kwaikwayon yau ya lalace, masu tallan taki za a ba filin. Ga shi kai-tsaye ake watsawa daga Gazawa. Har a ƙauyensu Gidan Sori an kasa kunne, da kakarsa da ta riƙe shi tun yaye, wadda bai san wata uwa ba sai ita.

Wasan tsohon labarin Turawa ne da Hambali ya karanta a lakol, wato makaranta, saurayi da budurwa daga gidaje biyu masu gaba, ya juya shi da Hausa. Kowa kuma da sunansa na gaskiya yake fitowa, haka suka saba. Shi ne saurayin, Salima budurwar, Gwaggo Talatu uwar saurayi.

Gwaggon ce matsalar. Bara ta zo daga hayin iyaka, ta ce muryoyinsu ta ji a rediyo, a ɗauke ta ko shara ce. Ga murya, ga iya kuka. Amma kullum wajen gwaji sai ta tsallake sunansa. Takan kira Salima, ta kira Mudi mai na'ura, shi kuwa daga "kai" sai "wancan". Ko fura ta damo, ajiyewa take ta ce a miƙa wa wancan, ba ta ko dubansa. Abin na ci masa rai ƙwarai, don a ganinsa raini ne tsagwaronsa.

A ƙarshen wasan samari biyu ne ke faɗuwa. Mai sauraro ba ya gani, kiran uwar ne kaɗai zai nuna wanda ya mutu. Shi ya sa da safe ya ja mata kunne, in ta tsallake yau, ta bar ƙungiyar.

Wasa ya yi daɗi. Salima na ce masa farin watana, yana ce mata sanyin idona, dangi na ta kiran juna maƙiya da 'ya'yan banza. Mudi ya gwara ƙarafa, aka yi ihu, samari suka faɗi. Hambali ya yi wa Gwaggo nuni da yatsa.

Shiru. Ta matso bakin makirfo. Darakta ya miƙe a bayan gilashi. Hambali ya haɗa hannu yana roƙonta da ido, ita kuwa ƙasa take kallo.

"Wayyo ɗana," ta ce. "Na haife ka, ban more ka ba."

Sai kuka, irin wanda ba su taɓa ji wajen gwaji ba. Salima ma ta sa hawaye. Sunan dai bai fito ba. Darakta ya juya ya fita.

Fitila na mutuwa Hambali ya rufe ta da faɗa, ya ce ta kwashe ƙwaryarta, kada ya ƙara ganinta a nan. Ta ɗauka, ta gyara lulluɓi. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Salima, ce wa wancan ya yi haƙuri. Ko ranar da na yaye shi na miƙa wa kakarsa a Gidan Sori ban iya kama sunan nan ba, ɗan farina ne."