Tsagar da Ba Ta Cikin Taswira

Dakta Zakariyya ya ɗora curin yumɓu a kan teburin kwamiti, daidai kan fayil ɗin kwangilar, sannan ya koma ya zauna yana goge hannu.

Shekarar dubu biyu da shida ce, man fetur na tsada, Abuja kuwa sai tsirowa take yi kamar ciyawar damina. Za a gina madatsar ruwa a wani kwari can bayan Ushafa, saura kwana tara a fara haƙa harsashi. A gangaren kwarin akwai ƙauyen masu ginin tukwane, gida wajen ɗari biyu. Zakariyya ya zo ne ya ce a dakata.

Shi ba ɗan ma'aikatar da ta ba da kwangilar ba ne. Shekara ashirin ya yi a jiragen bincike cikin Tekun Atlantika yana auna ƙasan ruwa, kafin ya dawo gida ya kama koyarwa a jami'a. Da ƙyar aka ba shi minti talatin.

Ya yi musu bayani a hankali, yadda kaka ke yi wa jikoki. A can zamanin da, in ji shi, Afirka da Kudancin Amurka a manne suke. Sai narkakken dutse ya riƙa ɓullowa a tsakaninsu yana tura kowacce gefe, har teku ya cika wurin. Ƙasan tekun kuwa bai buɗe salin-alin ba, tsattsagewa ya yi kamar ƙasan tafki da rani. A binciken da ya yi, wasu tsagogin ba su tsaya a gaɓa ba, sun kutso har cikin tudu. Ɗaya daga cikinsu ta ratsa ƙarƙashin inda za a kafa bangon madatsar.

Shugaban kwamitin, Injiniya Bernard, ya yi dariya. "Dakta, teku yana Legas. Nan Abuja ne."

Ya sa aka shimfiɗa taswirar duwatsun yankin, wadda aka zana a shekarar tamanin da ɗaya, lokacin da ake share filin birnin. Babu suna a jikinta, sai hatimin ofishin safiyo na wancan zamani. A kanta aka dogara aka yi hanyoyi da gadoji. A cikinta, kwarin nan dutse ne guda, babu tsaga ko ta allura.

Zakariyya ko kallonta bai yi ba. Ya ce daga hoton da aka ɗauko ta jirgin sama aka zana ta, hoton kuma da damina aka ɗauka, ciyawa ta rufe komai. Ya ce mai zanen ya bi hanyar mota ne kawai, ya fasa dutse ɗaya ko biyu a bakin titi, ya wuce matan da ke haƙar yumɓu bai tsaya ya tambaye su ba.

Da ya tambaya, da ya ga abin da Mariya, wata tsohuwa mai ginin tukwane, ta nuna wa Zakariyya a watan jiya. Ta zagaya da shi ramukan da ake ɗibar yumɓu tun zamanin kakarta. Rami goma sha ɗaya, duk a jere kamar an ja igiya. Taku biyar hagu ko dama, sai dutse mai karya fartanya. Yumɓun nan, in ji shi, dutse ne da ya niƙa ɗan'uwansa a cikin tsagar har ya zama gari. In aka tara ruwa a kansa, ruwan zai nemi hanya, kuma ƙauyen ne a bakin hanyar.

Bernard ya daina dariya. Ya ce kowa ya iya zagin wanda ba ya nan. Ya ce ba zai soke aikin da minista ya sa wa hannu ba saboda wata tsohuwa da kwandonta, kuma zai rubuta wa jami'a cewa malaminsu na ɓata sunan ƙwararru.

"Rubuta," in ji Zakariyya. "Ƙwararren naka mai gaggawa ne, mai girman kai kuma. Ko a gaban wa zan faɗa."

Da safe matarsa Umma ta ce masa akwai gajeriyar hanyar shawo kan kwamitin, ya bi ta ya huta. Ya ce ya sani, amma ya fi so su yarda da dutse kafin su yarda da mutum. Yanzu ya dubi fuskokin 'yan kwamitin, su tara. Babu wanda ya taɓa yumɓun. Ɗaya ma agogo yake dubawa.

Bernard ya ture curin da bakin biro ya rufe fayil. Ya ce ƙa'idar kwamitinsu a fili take: taswirar gwamnati ba ta faɗuwa da maganar baƙo, sai wanda ya zana ta ya janye da hannunsa. In hakan ta faru, a ranar za a tsayar da aiki.

"Je ka kawo mana shi, Dakta, in yana raye."

Zakariyya ya roƙi sakatariyar kwamitin, Hafiza, takarda da biro. Ya rubuta layi uku, ya sa hannu, ya tura gaban Bernard.

"Yana raye, ranka ya daɗe. Ni na zana ta ina ɗan shekara ashirin da takwas, kuma ga shi na janye."