Motar Tsere da Rabin Ƙarfinta

Tunda kana neman wanda za ka damƙa wa aikin nan, Alhaji, bari in ba ka misali kafin ka yanke shawara.

Wani kamfani ne ya ƙera motar tsere guda ɗaya tak, ta gwaji, ba ta sayarwa ba. Inji biyu gare ta, na fetur a baya, na lantarki a gaba. Duk sanda direba ya taka birki, ƙarfin tsayawar ba ya tafiya a banza: batir ne ke tara shi, in an fita daga kwana ya mayar wa tayoyi, motar ta zabura kamar an tsikare ta. An yi ta ne don tseren juriya, wanda ake farawa da fitowar rana a gama da faɗuwarta, ana zagaya hanya ɗaya, wanda ya fi yawan zagaye shi ya ci. Mutum arba'in suka shekara uku a kanta, kuma masu kamfanin sun gaya musu cewa in ba ta kai ƙarshen tseren ba za a rufe sashensu, kowa ya kama gabansa. Direba biyu ke karɓa-karɓa. Ɗaya sananne ne, kofuna sun cika masa ɗaki. Ɗayan ya fara furfura, aikinsa gwada motoci a filin da ba 'yan kallo, ya tuƙa wannan tun ba ta da fenti. An sa shi ne don sanannen ya riƙa samun hutu.

Ran tseren, har azahar motarsu ce ta biyu cikin motoci talatin. Sai zafin rana ya kashe batirin, injin lantarki ya tsaya. Sanannen, wanda ke kan sitiyari a lokacin, ya ji motar ta yi nauyi, ya ga waɗanda ya wuce da hantsi suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Ya shigo wurin makanikai, ya cire hular kwano, ya ce, "Wannan ta mutu. Ba zan yi ta zagaya ana yi mini dariya ba." Babban injiniya ya ce injin fetur lafiyarsa ƙalau, sai dai yanzu birki kaɗai zai ɗauki nauyin tsayar da ita, in aka matsa masa zai ƙone kafin la'asar. Saura awa huɗu. Mai furfurar ya sha ruwa, ya ɗaure hularsa, ya shiga.

Bai yi wani abin mamaki ba. Tun kwana tana nesa yake ɗaga ƙafa daga totur, ya rage giya, ya bar motar ta lafa da kanta, sannan ya ɗan taɓa birki. In mai gudu ya taho a bayansa sai ya kauce ya ba shi hanya. Na'urar da ke sanyaya masa cikin motar ta mutu tare da batirin, wurin zamansa ya zama kamar tanda, gumi na shiga masa ido ba halin sharewa. 'Yan kallo suka daina bin sa da ido. Ana cikin haka wata mota taya ta fashe mata, wata injinta ya buga, wasu biyu suka yi karo wajen rige-rigen shiga kwana. Shi dai yana zagayensa, kowanne kamar na baya. Da aka kaɗa tutar ƙarshe shi ne na tara, motoci goma sha uku kuwa ba su iso ba. Sai da mutum biyu suka ɓamɓare yatsunsa daga sitiyari suka fito da shi. Ba a ba shi kofi ba, ba a kuma rufe sashen ba.

Da a ce da safe aka tambayi mutanen nan arba'in wane ne direbansu, da duka sanannen za su nuna, kuma ba za a ga laifinsu ba, don a lokacin komai na aiki. Shi ya sa Hausawa suka ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.