Azumin Barakatu

Barakatu ce ke hawa sama. A rawar 'yan matan da Malam Salihu ke koyarwa a Ƙanƙara, idan kiɗa ya zo ƙarshe, huɗu za su durƙusa, biyu su taka kafaɗunsu, ita kuma ta ɗare can ƙololuwa, ta miƙe tsaye tana juya faifai a kan yatsa. Tun tana da shekara goma sha biyu take wannan hawan, ko sau ɗaya ƙafarta ba ta taɓa zamewa ba.

Lokacin kuɗin fetur ne, gwamnati na ta shirya bukukuwa. Aka ce za a zaɓi masu wasan gargajiya a kai su Kaduna, waɗanda suka yi zarra su wuce Legas. Barakatu ba ta taɓa wuce Funtuwa ba. Ba abin da take so a duniya irin ta tsaya a sama a gaban dubban mutane, a faɗi sunanta a rediyo, mahaifiyarta Indo tana tsakar gida tana tankaɗe ta ji.

To, amma ta kai sha shida, jiki ya fara cika irin na 'ya mace. A gida murna ake yi, ana cewa ta yi kyau. Sai wata Laraba, da ta sauko daga hawan, ɗaya daga cikin masu ɗaukarta ta murza kafaɗa tana yamutsa fuska. Malam Salihu ya yi dariya.

"Barakatu, tuwon gidanku ya karɓe ki. In kika ƙara nauyi Suwaibatu za ta hau, ke ki dawo ƙasa."

Shi ya faɗa ya manta. Ita kuwa ta ɗauki maganar ta tafi da ita gida.

A gidansu akushi ɗaya ake sa wa hannu, ba yadda mutum zai janye ba a gani ba. Sai ta samo dabarar da ba mai iya ja da ita. Ta ce za ta riƙa azumin Litinin da Alhamis. Daga nan ta ƙara da kwana ukun tsakiyar wata, ta ƙara da ramuwar da ba a bin ta, har ya zama yau azumi, gobe hutu, jibi azumi. In an sha ruwa sai ta kurɓi jiƙon tsamiya da kanwa, ta ce za ta ci nata a ɗaki, ta zagaya ta zuba wa awaki. Ranar da aka tsare ta ta ci, sai ta je bayan rumbu ta sa yatsa a maƙogwaro.

Indo kuwa bakinta har kunne. Duk matar da ta shigo sai ta ji labarin ɗiyarta mai ibada. Wa zai yi wa yaro faɗa don ya yi azumi?

Kada a ɗauka ba ta son abincin. Tana son sa har ranta. Takan zauna kusa da murhu don kawai ta shaƙi ƙamshin daddawa a miyar kuka. Ita ke dama wa ƙannenta fura, tana kallon nonon yana bin ludayi, ta haɗiye yawu ta miƙa masu. Tana kewar zama a gaban akushi da 'yan'uwanta, ana ci ana tsokanar juna, kamar mai kewar garin da ya baro.

Lauratu mai kitso ce ta fara magana, ranar da gashin Barakatu ya riƙa biyo hannunta.

"Indo, mi ya samu ɗiyar nan? Ƙashi fa ta zama. Ga zafin bazara, ita tana rawar ɗari."

"Azumi ne, Lauratu. Bar ta ta samu ladarta."

Malam Salihu ma da ya gan ta sai ya ce, "Yauwa, ga ki nan sakayau." Wannan yabon ya hana ta cin abinci kwana biyu cur.

Ranar zaɓen masu wasa aka taru a wani fili a Faskari, rana tsaka. Kiɗa ya kai ƙarshe, Barakatu ta hau, ta miƙe, faifai ya fara juyawa. Jama'a suka ɗauki tafi. Sai tafin ya yi mata nisa, idonta ya rufe, ta sulalo ta baya ta faɗo a kan busasshiyar ƙasa.

A asibiti likita ya ce ƙashin bayanta ya karye, ba za ta ƙara takawa ba. Ya ce abin da ya kayar da ita yunwa ce.

"Yunwa?" in ji Indo. "Likita, rumbunmu cike yake da dawa."

Bayan wata guda motar 'yan rawa ta wuce Kaduna da Suwaibatu a madadinta. Barakatu na kwance a ɗakin mahaifiyarta, ta ji waƙarsu har ta ɓace a kan hanya. Indo ta tallabo kanta, ta kawo ludayin kunu bakinta. Ta kurɓa sau biyu, ta kawar da fuska.

"Inna, ya isa. Kar in yi masu nauyi."

Indo ta ajiye ludayin ta fashe da kuka, don a ranar ta gane cewa akwai ciwon da ya riga karayar, kuma shekara guda tana yaba shi da bakinta.

Jama'a, ƙin cin abinci don tsoron ƙiba ciwo ne, yana buƙatar magani tun da wuri. Mu daina yi wa yara ba'a da jikinsu, kuma in yaro yana ramewa a gabanmu, mu zauna mu tambaye shi dalili, ko da sunan ibada ya zo mana.