Ɓawon Dutse

Da ta isa bayan gari, dutsen ba ya nan. Sai rami, da sawun tayoyin tifa.

Shekaru ta yi tana kankarar ɓawon nan mai ruwan toka da ke manne a jikinsa, wanda kowa ke ɗauka datti ne. Ita ta san abu ne mai rai. A ƙarƙashin madubin bincike ta gano ba iri ɗaya ba ne: wani na da baƙin ɗigo, wani ya tsattsage kamar busasshen taɓo, wani kuwa ba a taɓa ganin irinsa a ko'ina ba. Shi ta zo ƙara ɗiba, don ɗan wanda ta kankaro ya ƙare wajen gwaji.

Ko hawaye bai zo mata ba. Ta tsaya har ƙafafunta suka gaji, sannan ta wuce gida.

Yayanta magini ya tare ta a ƙofa, baki har kunne.

"Malamar datti! Zo ki ga ɗakin da na gyara wa Inna. Ruwa ya daina tsattsafo mata ta ƙasa."

Inna na zaune a kan sabon daɓen siminti, tana shafa shi da tafin hannu.

"Shigo, 'yar nan. Bana dai zan yi barci da damina."

"Tsakuwar da muka zuba a daɓen mai kyau ce," in ji Yaya. "Daga dutsen nan naki aka faso ta. Ai ni ne ma na nuna wa masu fasa dutse wurin."

Ta cire takalmi, ta taka daɓen a hankali.

"Ya yi kyau, Yaya," ta ce.